Horon Fitar da Kaya Waje: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Tun daga watan Yunin 2023 da gwamnati ta sakar wa naira mara, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a farkon 2024, zancen fitar da amfanin gona ƙasashen waje ya shiga kowace majalisa a yankinmu. A Likoro, a Hunƙuyi, a Makarfi da Ikara, da wuya matasa biyar su zauna ba ka ji ɗaya ya kawo labarin wani da ya tura citta ko riɗi ya dawo da daloli ba. Tare da zancen kuma sai ga tallace-tallace suna yawo a WhatsApp: zo a koya maka fitar da kaya cikin kwana uku, ka biya kaza, a ba ka satifiket. Hukumomin gwamnati su ma suna nasu bitocin a manyan birane. Mutane sun rabu biyu. Wasu na cewa wannan horon shi ne ƙofar arziƙin da aka daɗe da rufe mana, wasu na cewa sabuwar hanyar cin kuɗin jama'a ce kawai.

Ni dai ra'ayina a fili yake. Horon ya zama dole, kuma duk wanda ya ce babu buƙatarsa bai san asarar da muke tafkawa ba. Amma yadda ake yin sa a yau, mutumin da ake horarwa ba shi ne mutumin da ke ɓata kayan ba, kuma wurin da ake yin horon ba nan ɓarnar take faruwa ba. Ana tara masu kwamfuta a otal a Kaduna ko Abuja ana koya musu cike fom da Turanci, alhali abin da zai sa a dawo da kwantenar daga tashar jirgin ruwan Turai ya riga ya shiga buhu tun a gefen titin Zariya zuwa Kano, watanni kafin a buɗe fom ɗin.

Bari mu fara ba takarda haƙƙinta, domin ita ma ba wasa ba ce. Mai son fitar da kaya bisa ƙa'ida sai ya yi rajistar kamfani da hukumar CAC, ko ya zo a matsayin ƙungiyar gama kai mai rajista, sannan ya karɓi takardar shaida daga hukumar bunƙasa fitar da kaya ta ƙasa, NEPC, wadda aka kafa tun 1976. Daga nan ya je bankinsa a buɗe masa fom ɗin NXP, wanda Babban Bankin Najeriya ke bin sawun kuɗin kayan da shi. Akwai harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari na darajar kayan, kuɗin masu duba kaya kafin a yi lodi. Idan amfanin gona ne, sai hukumar NAQS ta shaida cewa babu ƙwaro ko cutar tsiro a ciki. Idan sarrafaffen abinci ne, kamar garin barkono ko mazarƙwaila a kwali, sai NAFDAC ta sa hannu. Ga takardar asalin kaya, ga kwastan a ƙarshe. Bayan jirgi ya tashi kuma, dole kuɗin su dawo Najeriya cikin kwana 180, kuma a watan Janairun 2025 Babban Banki ya sanar da cewa ya daina ƙara wa kowa wa'adi. Yaron da ya sayar da gonar gado ya haɗa kwantenar busasshen barkono bai san wannan ba, ai ya shiga uku. Don haka ban raina masu koyar da takarda ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai dai takarda shaida ce kawai a kan abin da ke cikin buhu. Ba ta gyara shi. Ku duba abin da ya sami wakenmu. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya, saboda an yi ta samun guban maganin ƙwarin nan da muke kira fiya-fiya a cikinsa. Iyakar abin da dokarsu ta yarda da shi miligiram 0.01 ne a kilo guda. A wasu buhunanmu an sami har miligiram 4.6, wato ninki 460. An ce shekara ɗaya za a yi, sai aka ƙara uku, aka sake ƙarawa. Shin wa ya zuba maganin? Mai kamfanin da ke Legas ne, wanda takardunsa suka cika tsaf? A'a. Mai sito ne a kasuwar ƙauye, wanda ya ga ƙwari za su cinye masa jari kafin bazara, ya buɗe kwalba ya yayyafa a kan waken ya juya da shebur, ya ɗinke buhu. Bai taɓa jin sunan Tarayyar Turai ba, kuma babu wanda ya taɓa gayyatarsa bita. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, sai ga shi hukuncin ya hau kan ƙasa baki ɗaya.

Haka ya faru da zoɓorodo, wanda mafi yawan abin da muke fitarwa Meziko ke saye: ta rufe ƙofarta na tsawon shekaru saboda wani ƙaramin ƙwaron sito da aka gani a cikin kayan, manoman Jigawa suka ji a jikinsu. Riɗinmu kuwa yana cikin kayan da Turai ta tsananta wa bincike saboda ƙwayar cutar Salmonella, wadda sau da yawa daga kashin tsuntsaye da dabbobi take hawa kayan da aka shanya a ƙasa.

Wanda ya bi hanyar Hunƙuyi lokacin kakar barkono ya san abin da nake nufi. Za ka ga ja wur a gefen kwalta, barkono da tattasai da yankakken tumatir an baza su a kan tsurar ƙasa ko bakin titi. Tirela ta wuce ta watsa musu ƙura da hayaƙi, akuya ta bi ta kai, kaji su tona, raɓa ta sauka da dare, da safe yara su tattara da tsintsiya a ɗura a buhu tun bai gama bushewa ba, saboda dillali ya iso kuma damshi yana ƙara nauyi. A cikin wannan buhun ne fumfuna ke tsirowa, ita ke haifar da gubar aflatokzin, wadda ba a gani da ido, dafuwa ba ta kashe ta, kuma likitoci sun tabbatar tana jawo kansar hanta. Turai ta ƙayyade wa barkono da citta maikurogiram 10 a kilo, gyaɗar ci kuwa 4. Babu satifiket ɗin bitar da zai cire gubar nan bayan ta shiga. Ni abin da ke ci mini rai shi ne, manomin nan ba mugu ba ne kuma ba malalaci ba ne. Tamfol kuɗi ne, simintin shanya kuɗi ne, jiran kwana uku kafin a ɗura kuɗi ne, kuma babu wanda zai ƙara masa ko sisi idan ya yi.

Nan ne zuciyar maganar. Horo ba ya kama jiki sai idan akwai bambancin farashi. Ka tara manoman Likoro ka yi musu bayani da Hausa mai daɗi, su gyaɗa kai, su koma gida. Ranar kasuwa dillali ya sayi buhun wanda ya shanya a tamfol da na wanda ya shanya a kwalta farashi ɗaya, ya kuma haɗe su a mota ɗaya. Me kake tsammani baɗi? Kowa zai koma kwalta, kuma ba za ka ga laifinsa ba.

Dattawanmu sun san wata hanya dabam. A zamanin auduga da gyaɗa, lokacin da injin gurzar auduga na Zariya ke aiki kuma dalar gyaɗa ke tsaye a Kano, dokar fitar da kaya tana zuwa har bakin kasuwar ƙauye. Akwai malamin duba kaya da zai zura hannu cikin audugarka ya ce wannan lamba ɗaya ce, wannan lamba biyu, kuma kowace da kuɗinta. Mata da yara su kwana suna tsince datti daga auduga don kada ta faɗo daraja. Akwai masu saye masu lasisi, waɗanda za a iya ƙwace lasisinsu idan suka kai gurɓataccen kaya. Ban ce tsarin nan adalci ne ba. Hukumomin sayen amfanin gona sun danne farashi sun tatse manomi shekara da shekaru, shi ya sa mutane da yawa ba su yi kukan rushe su a 1986 ba. Amma da aka rushe su, an haɗa da abu guda mai amfani an zubar: mutumin da ke tsaye tsakanin gona da jirgi yana tantance kaya yana biyan kowa gwargwadon kyan kayansa. Har yau ba a maye gurbinsa a ƙauye ba. Masu tantancewar sun koma tashar jirgin ruwa, inda aikin gama ya riga ya gama.

Akwai masu cewa duk wannan ƙa'idojin Turawa dabarar hana mu kasuwa ce, so suke mu zauna muna sayen nasu. Ban musanta cewa ƙasashe na fakewa da ƙa'ida su kare manomansu ba, kuma wasu sharuɗɗan sun fi ƙarfin talaka. Dokar da Tarayyar Turai ta yi a 2023 kan sare dazuzzuka, wadda ta haɗa da waken suya, tana neman a nuna taswirar ainihin gonar da aka noma kayan, a tabbatar ba daji aka sare aka yi ta ba bayan ƙarshen 2020. Manomi mai kadada ɗaya a Kudan ina ya ga wannan shi kaɗai? Amma mu tambayi kanmu gaskiya: waken da aka dawo da shi saboda fiya-fiya, ina 'yan'uwansa suka tafi? Cikin tukwanenmu. Shi ne ƙosan da yaranmu ke saye da safe, shi ne alalen da ake kai wa mara lafiya. Bature ya ƙi ci, mu mun ci. Ko da Turai ba ta taɓa sayen ƙwayar wake ɗaya daga gare mu ba, wajibi ne mu daina zuba guba a abinci. Malamanmu kullum suna wa'azi a kan algus a mudu da awo; ɓoye damshi a ƙasan buhu da yayyafa guba a hatsi ai babinsu ɗaya. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Wasu kuma, musamman fataken da suka ga jiya suka ga yau, cewa suke iyayenmu sun yi fataucin goro da fata da tufafi har Gwanja da Agadas ba su cike fom ba, yau ma motoci na fita ta Jibiya da Maigatari zuwa Maraɗi da Damagaram ba tare da NXP ba, kuma ana samun riba. Gaskiya ne ana samu. Amma a tuna yadda aka kwana a 'yan shekarun nan. An rufe iyakoki a watan Agustan 2019, ba a fara buɗewa ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufewa har zuwa Maris 2024. A farkon 2024 ɗin, da tsadar abinci ta kai intaha, kwastan suka dinga tare motocin hatsi a hanyoyin iyaka, suna kafa hujja da dokar hana fitar da wasu kaya ta 1989, wadda ta lissafa masara, shinkafa, wake, doya da rogo. Daga baya aka ba da umarnin a mayar wa masu kaya hatsinsu bisa sharaɗin su sayar a kasuwannin cikin gida. Nawa ne daga cikin waɗanda aka tare suka san akwai wannan doka? Mu a arewacin Kaduna masara ce babban abin da muke nomawa, kuma ita ce ta farko a jerin kayan da kwastan suka haramta fitarwa. Wanda bai san doka ba, duk shingen da ya tarar a hanya sai ya biya, domin bai san inda haƙƙinsa ya fara da inda ya ƙare ba. Sannan Nijar ta fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025. A ce ɗan kasuwar da ke kai kaya Maraɗi ba ya buƙatar mai yi masa bayanin inda aka kwana kan rangwamen harajin da ke tsakanin ƙasashen? Idan kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya.

Hujjar da ta fi ba ni wahalar amsawa ita ce ta mai cewa: muna fama da yunwa, kuna zancen fitar da abinci? Wanda ya sayi tiyar masara a tsakiyar 2024 yana da damar yin wannan tambayar, kuma ban ga laifin ƙasa ta riƙe hatsinta a shekarar ƙunci ba. Amsata ita ce a bambance. Busasshen barkono, citta, riɗi, zoɓorodo, waken suya, ba su ne tuwon dare ba. Kuɗinsu ne ke sayen takin da za a zuba wa masarar. Yankin da ke noma tumatir har ya ruɓe a kwando a bakin hanya lokacin da kasuwa ta cika, yankin da kamfanin tumatir na Ikara ya yi shekaru yana tashi yana faɗuwa, matsalarsa ba yawan masu saye ba ce.

Sai kuma ɓangaren gwamnati, wadda ita ma tana buƙatar nata horon. Yaya za a koya wa mutum bin doka alhali dokar ba ta tsaya wuri ɗaya ba? A watan Yunin 2017 ministan noma na lokacin, Audu Ogbeh, ya ƙaddamar da fitar da doya zuwa Ingila da Amurka da biki, alhali doya na cikin jerin dokar 1989 da ba a soke ba. Gwamnati ɗaya tana roƙon Turai ta buɗe wa wakenmu ƙofa, dokarta kuma ta ce fitar da wake laifi ne. A ƙarshen Agustan 2025 aka wayi gari da sanarwar hana fitar da ɗanyar ƙwarar kaɗanya na wata shida, ana tsakiyar kaka, farashi ya faɗi a hannun matan ƙauye da ke tsinta, masu kwangila da 'yan kasuwar waje suka rasa yadda za su cika alkawari. Manufar a sarrafa man kaɗe a gida abu ne mai kyau, ina goyon bayanta. Amma da an ba da sanarwar shekara guda, da wa ya yi asara? Mutumin da ya bi ƙa'ida, ya buɗe fom, ya sa hannu a kwangila, shi ne ya fi kowa shan kashi. Mai bi ta daji kuwa hanyarsa na nan. Duk lokacin da aka yi haka, ana koya wa jama'a darasin da ya fi na kowace bita shiga kai, cewa bin ƙa'ida wauta ce.

To me nake so a yi? Abin da nake nema ba sabon abu ba ne, kuma kayan aikinsa suna kusa da mu. A Samaru akwai cibiyar binciken aikin gona ta IAR da hukumar wayar da kan manoma ta NAERLS, duk a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba daga Likoro. Akwai buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda masana na jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro: ka zuba wake ka ɗaure ledojin ciki da kyau, iska ta ƙare, ƙwari su mutu ba tare da ɗigon magani ba. Akwai Aflasafe da cibiyar IITA ta Ibadan ta samar, wanda ake watsawa a gonar masara ko gyaɗa makonni biyu zuwa uku kafin fure, ya rage gubar tun daga tushe. A ƙasar Ikara, kamfanin Babban Gona da ya fara aiki a 2012 ya nuna cewa idan aka haɗa manoma ƙungiya-ƙungiya, aka ba su horo da bashi da taki, aka kuma karɓi kayansu a sito ɗaya aka nema musu mai saye, ana iya samun masara mai tsabtar da manyan masana'antu ke nema. Mutum na iya samun ƙorafinsa a kan sharuɗɗan irin waɗannan kamfanoni, amma darasin a bayyane yake: manomi ya bi ƙa'ida ne saboda an haɗa masa ita da kasuwa.

Don haka horon ya sauko ƙasa, ya rabu gida-gida. Manomi da matan da ke shanya da tsinta a koya musu nasu a fili, a bakin masussuka, da Hausa, lokacin kaka ba lokacin da kasafin kuɗin hukuma ya fito ba. Dillali da mai sito, waɗanda a ganina su ne maƙogwaron harkar kuma su aka fi mantawa, a koya musu awon damshi da ajiya, a kuma sa sunan sito a jikin kowane buhu don a san inda ɓarna ta fito. Takarda kuwa ba kowa ke buƙatarta ba. Ƙungiyar gama kai ɗaya mai rajista a gunduma, da matasa biyu ko uku da suka ƙware a fom da banki da kwastan, sun isa su ɗauki nauyin manoma ɗaruruwa. Muna da masu digiri da difloma zaune a gida a Likoro da Makarfi. Ga aiki nan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kwantena ɗaya ma ta fi ƙarfin gonar mutum ɗaya. Tashar tsandauri ta Kaduna da aka buɗe a Janairun 2018, da ta Dala a Kano da aka buɗe a Janairun 2023, an gina su ne don a gama duba kaya da rufe kwantena a nan Arewa, ba sai an je Apapa an yi makonni ana layi ba. Amma tasha ba ta da amfani ga wanda kayansa ba za su ci jarrabawar ɗakin gwaji ba.

Ga matashin da ke shirin biyan kuɗin bitar kwana uku kuma, shawarata ya yi wa mai koyarwar tambaya uku kafin ya tura ko kwabo. Ka taɓa fitar da kaya da sunanka, ina kwafin takardar lodin jirgi? A wane ɗakin gwaji za a auna kayana, nawa ne kuɗin? Idan mai saye ya ƙi biya bayan kaya sun isa, kwana 180 suka cika, me banki zai yi mini? Wanda ya amsa waɗannan ba tare da kame-kame ba, a zauna a gabansa a koya. Wanda ya fara da nuna hoton daloli, a tashi.

Hukumar NEPC ta ce kayan da ba na man fetur ba da Najeriya ta fitar a 2024 sun haura dala biliyan biyar. Ina so shugabannin ƙananan hukumomin Kudan, Makarfi da Ikara, da 'yan majalisarmu na jiha da na tarayya, su zauna da sarakunan noma da shugabannin kasuwa kafin kakar barkono mai zuwa, su amsa tambaya ɗaya: a cikin kuɗin da ake warewa na bita da tallafi, nawa ne zai isa a zuba simintin shanya a Likoro, a sayi na'urar awon damshi a kowace babbar kasuwa, a kuma samo mai saye ko da guda ɗaya ne da zai rattaba hannu cewa buhun da ya ci gwaji zai biya shi sama da farashin kasuwa?